Ciniki a nesa, waya a hannunmu

Manomin karkarar Dantchiao wanda ya riƙe wayar salula tun farkon zuwanta ya ga suna uku a bisa layi guda. Da fari Celtel, wadda ta soma aiki a Nijar a 2001. A 2005 wani kampanin Kuwait ya saye ta, a 2008 suna ya koma Zain. A 2010 kuma Bharti Airtel na Indiya ya karɓi rassan Zain cikin ƙasashen Afirka 15, har da Nijar da Nijeriya, a cinikin da ya kai dala miliyar 10,7. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

To, mene ne aka saya da wannan maƙudan kuɗi? Ba ƙarafan eriya kaɗai ba. An sayi lasisin da hukuma ta bayar, an kuma sayi masu buga waya, kimanin mutum miliyan 42 a wancan lokaci. Wanda ya iya lissafin dokan kai sai ya raba: kowane mai layi ya tashi wajen dalar Amurka 250. Ashe mu ne hajar.

Nan batun yake. Wanda ya ci bashi ya sayi saniya, nono yake jira, kuma ba ya son jinkiri. Mai sayen kampani yakan fara zuba jarinsa inda kira ya fi yawa, wato Yamai, Maraɗi da Damagaram. Ƙauyen bakin iyaka shi ne na ƙarshe cikin lissafi. Ga shi kuwa mutanen Magariya da Dungas ba su rabuwa da kasuwannin Nijeriya, naira tana yawo a aljihunsu tare da sefa. In rezon gida ya yi rauni, mai sayar da riɗi ko akuya ba zai tsaya jira ba, layin ƙetare zai saka. Kuɗin katinsa da harajin da ke cikinsa sun haye iyaka ke nan.

Ba mu ce kowane ciniki ɓarna ne ba. Sabon mai gida yakan zo da jari da sababbin na'urori. Amma tarihinmu ya isa ya sa mu lura. A 2001 an sayar da kaso mafi yawa na Sonitel ga haɗin gwiwar wasu kampanonin Sin da Libiya, aikin bai tafi yadda aka yi fata ba, har gwamnati ta maido da shi hannunta a 2012. Moov ya koma hannun Maroc Telecom a 2015. A 2019 Orange ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com na ƴan kasuwar yankinmu. Wasu sun yi murna don an ce na gida ya karɓa. Madalla, sai dai zama na gida ba ya kafa eriya.

Ra'ayinmu shi ne, tun da iskar da waya ke bi ta ƙasa ce, kada hukumar ARCEP ta amince da sauya hannun kowane lasisi sai da sharaɗi rubutacce: sunayen garuruwan da za a kai wa rezo, da shekarar da za a kai, da makomar ma'aikata, da tabbacin kuɗin da talakawa suka ajiye cikin waya. A fassara sharaɗin cikin harsunan ƙasa, a karanta shi a rediyon karkara. Alkawarin da ke cikin faransanci kaɗai, manomi ba ya iya bin bashinsa.

Ku kuma da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, kuna da aiki. A 2009 da 2010 an gwada koyar da manya karatu da salula a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, aka tarar waɗanda suka koyi aika saƙo sun fi riƙe karatunsu. Ku rubuta sunan duk ƙauyen da sai an hau tudu kafin a samu kira, ku miƙa wa magajin garin Dantchiao. Shi kuma ya isar ga hukumar Magariya, takardar ta kai Yamai tun kafin a zauna wani cinikin.