KALMAR "FIL" DA DARASIN DA KE CIKINTA GA MALAMIN HAUSA

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi akwai "fil", wato ɗan siririn ƙarfen nan mai tsini da ake maƙale tufafi ko takardu da shi. Asalinta "pin" ne. Da yake Hausa ba ta da sautin /p/ mai zaman kansa, sai ta mayar da shi /f/, kamar yadda ta yi a fensir da famfo da fasinja. Haka kuma /n/ ta ƙarshe ta koma /l/, sauyin da ya yi kama da na kananzir, inda ta koma /r/.

Abin lura shi ne, Hausa ba ta aro dukkan ma'anonin kalmar ba. A Ingilishi "pin" suna ne ga abin maƙale tufafi, da abin kama gashi, da ƙafafun filogin lantarki, da ƙarfen da ake zarewa daga gurneti kafin a jefa. Tana kuma zuwa a matsayin aikatau, da ma'anar danne mutum a ƙasa ko ɗora masa laifi. Bahaushe ya ɗauki ma'ana ɗaya, ya bar sauran, domin yana da nasa kalmomin, irin su allura da tsinke da ƙusa. Saboda haka ɗalibin da ya fassara kowace "pin" da "fil" zai kawo jimlar da babu Bahaushen da zai fahimta.

Matsalar ta fi fitowa fili a harkar banki. Lambar da ake dannawa a na'urar cirar kuɗi ana kiran ta PIN, amma ba ta da wata dangantaka da ƙarfe mai tsini. Haruffan farko ne na kalmomi uku na Ingilishi masu nufin lambar shaidar mutum. Wanda bai yi boko ba, idan an ce masa "fin", bai ji wani gargaɗi a cikin sunan ba. Idan kuwa aka ce "lambar sirri", sunan da kansa ya gaya masa cewa ba a faɗa wa kowa ita, ko da ma'aikacin banki ne.

Wasu na ganin cewa tunda jama'a sun saba da kalmar aro, gyara ɓata lokaci ne. Gaskiya ne ba a tilasta wa harshe, kuma "fil" ta zauna daram, babu dalilin korar ta. Amma inda kalmar aro ta ɓoye ma'anar da ke kare dukiyar mutum, fassara ta fi aro amfani.

Don haka ya kamata malami ya koya wa ɗalibansa tambayoyi biyu game da kowace kalmar aro: wace ma'ana ta shigo da ita, kuma waɗanne ta baro a harshenta na asali? Ɗalibin da ya saba da su zai duba muhallin kalma kafin ya fassara ta.