Akwatin Gardi da Ƙullin Maganinsa

Al'ada ce sananniya a wannan yanki namu, tun daga Jega har Aliero da Maiyama da garuruwan da ke kewaye da su irin su Danwarai, cewa da zarar an kawar da amfanin gona, kuɗi ya ɗan zauna a aljihun talaka, sai ma'abota wasanni su ɓullo a kasuwanni kamar an yi musu shela. Daga cikinsu kuwa babu wanda yake tara jama'a da sauri, ya kuma riƙe ta har la'asar sakaliya, kamar gardi mai wasa da maciji. A 'yan shekarun nan wasu daga cikin 'yan bokonmu da almajiranmu sun haɗa baki, abin da ba kasafai suke yi ba, suna cewa a hana wannan sana'a ɗungurungum, waɗannan suna kiranta jahilci, waɗancan suna kiranta tsafi. Ni dai ban bi bayansu ba, ko da yake akwai abin da nake ƙi a cikin sha'anin wanda ya fi nasu nauyi.

Kwanan baya yara suka matsa, sai na kwashe su tare da mahaifiyarsu daga Danwarai muka nufi kasuwar Jega, inda muka tarar an yi da'ira ana ta cinkoso, makaɗi yana dukan ganga, gardin kuwa, da warkinsa da gurayensa da layu rataye ko'ina, yana zagaya wani tsohon akwati yana yi masa kirari. Da ya ɗaga murfin, kumurci ya miƙe ya fasa kai, sai da'irar nan ta buɗe da kanta ba tare da an ce kowa ya ja baya ba, ƙaramar 'yata ta cusa kai cikin mayafin uwarta, amma tana leƙe da ido ɗaya. Ya fito da mesa ya naɗa a wuya, ya fito da kasa ya ajiye ta a ƙasa tana huci. Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Malam, wanga yaro ba banza ba, ya sha tun shina goye." Babban ɗana kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Baba, me ya sa ba ya saransa?"

Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, domin a cikinta mas'alar take gaba ɗaya. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin masihirtan Fir'auna waɗanda suka rufe idanun mutane da igiyoyi da sanduna, amma abin da ke gaban gardi ba igiya ba ce, halittar Allah ce mai rai, kuma abin da yake riƙe ta da shi sani ne da ya gada, ya kuma ƙara da daɗewar mu'amala. Ya san iyakar tazarar da kumurci ke iya kai sara idan ya miƙe, ya san cewa maciji ba shi da kunne a waje, don haka motsin hannu da girgizar ƙasa yake bi, kiɗan kuwa domin mu ake yin sa. Ya san kuma yadda sanyi da yunwa da gajiya ke kashe masa kuzari. Bayan wannan akwai abin da ba a faɗa a bainar jama'a, wato cewa da yawa daga masu wannan sana'a, a nan da Maroko da Indiya, sukan karya haƙoran dafin, wasu ma su ɗinke bakin, har dabbar ta rame ta mutu a akwati. Wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya kuma san abin da ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik game da yi wa macizan gidajen Madina gargaɗi kafin a kashe su, ba zai ce wannan zalunci ƙarami ba ne don kawai wanda aka zalunta abin tsoro ne. Haƙoran nan kuma suna sake tsirowa, shi ya sa lokaci zuwa lokaci akan ji cewa maciji ya kashe mai shi.

Duk da haka, da wasan ya tsaya a nan, da na ce fa'idarsa ta rinjayi illarsa, domin a wannan yini 'ya'yana sun bambance mesa da kasa da kumurci da idanunsu, darasin da babu allon makarantar da ya taɓa ba su, alhali kuwa 'ya'yan manoma ne masu shiga fadamar albasa da gonar shinkafa. Sai dai wasan share fage ne kurum. Da hankula suka tattaru, gardi ya kwance jaka ya fito da ƙulle-ƙullen gari da saiwoyi, yana rantsuwa cewa wanda ya sha wannan da nono ko kunu, maciji ya gan shi sai ya sunkuyar da kai, in ma ya sare shi tamkar cizon sauro ne. Na ga magidanta, waɗanda za su yi rabin sa'a suna ciniki a kan mudun gero, suna miƙa kuɗi ba ko tayi.

Dalilin da ya sa wannan magani ya yi suna kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi nazari. Macizai da yawa ba su da dafin da ke kisa, masu dafin ma ba kowane sara suke zuba shi ba. Saboda haka mutum goma za su sha garin, su tashi lafiya, su zama shaidu a kasuwa, alhali ko ruwan rijiya suka sha da sun tashi, shi kuwa wanda dafin ya shiga jininsa ba ya dawowa ya ba da tasa shaidar. Na kuma lura ban ga kububuwa a akwatin nan ba, ita da ba ta kai tsawon hannu ba, ba ta fasa kai, ba ta da abin burge 'yan kallo, amma ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma a ƙasashenmu na Arewa. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga mutum ya wuni yana hira, ana cewa magani ya ci, kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari da tsohon rauni. A lokacin ne ake neman mota, bayan an ɗaure ƙafa tamau da igiya, an tsaga wurin da reza, an manna baƙin dutse, abubuwan da likitoci suka yi ittifaƙi cewa ba sa cire dafi, sai dai su ƙara ɓarna. Abin da suke so shi ne a kwantar da hankalin mutum, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti nan take, inda gwajin ma ba wuya: a zuba jininsa a kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga.

Wannan ibtila'i ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe tsakanin mutum 81,000 da 138,000 kowace shekara, ta kuma ɗauki alkawari a 2019 na rage wannan adadi da rabi kafin 2030. Ilmin maganinsa kuwa a ƙasarmu aka gina wani babban sashe nasa, tun binciken da David Warrell ya yi a Zariya a shekarun 1970, har zuwa aikin Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, da asibitin Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake yi wa dubban mutane allurar kashe dafi ta EchiTAb, wadda aka haɗa a Birtaniya da Kosta Rika da dafin macizan Nijeriya. Amma tsakanin Danwarai da Kaltungo tafiya ce ta yini cur, kuɗin allurar kuma ya fi ƙarfin mai noman kadada guda, gardi kuwa ga shi a bakin kasuwa da ƙullinsa mai araha. Wanda ya zargi manomi da wauta bai auna wannan ba.

Indiya ta gwada hanyar hani, da dokar kare namun daji ta 1972, wadda ta jefa dubban masu wasa da maciji cikin talauci ko sana'ar ɓoye. Amma a can ɗin dai, kusa da Madras, mutanen Irula, waɗanda kamun maciji gadonsu ne, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a 1978 tare da masanin macizai Romulus Whitaker: suna kamo macizai, a tatsi dafinsu, a mayar da su daji, a sayar wa masu haɗa allura. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace da mu. Aliero gari ne da ya shahara da ɗorin karaya tun kaka da kakanni, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a cikinsa tun 2006, don haka babu inda ya fi shi cancantar a zaunar da mai ilmin gado da mai ilmin littafi a tabarma ɗaya. A yi wa gardawa rajista ta hannun hakimai, a biya su ladan fitar da maciji daga gidaje da rumbuna, a bar su su yi wasansu da sharaɗin ba karya haƙori, ba ɗinke baki, ba miƙa wa yaro maciji, ba kuma sayar da ƙulli da sunan rigakafi. A maimakon haka, mutumin da ke iya tara ɗaruruwan manoma da ganga ɗaya ya gaya musu su sa takalmin roba lokacin girbi, su riƙe fitila da dare, ya kuma faɗa musu asibitin da ke da allura. Ita kuwa gwamnatin jiha, nata aikin shi ne ta tabbatar allurar tana nan a firjin asibitocin Jega da Aliero da Maiyama kafin faɗuwar damina, kyauta ko da rangwame, kuma a sanar da haka a rediyo da masallatan Juma'a.