Digirin handawut ba zai fisshe mu ba

1/ Shekarata uku ina karanta Tarihi a jami'a, amma sai makon jiya na fara taka Gidan Ɗan Hausa. Kuma fa a Nassarawa GRA nake. Wallahi na ji kunya. 🧵

2/ Nan Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna. A Nassarawar nan ya buɗe makarantar boko a 1909. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci maki, alhali ban taɓa shafa bangon gidan ba.

3/ Abin da ya tsaya min a rai: makarantar tasa har da sashen koyon sana'ar hannu. Mu da muka zo bayan shekara ɗari, sai hadda.

4/ 'Yan injiniya da kimiyya suna tafiya SIWES, su taɓa aiki da hannunsu. Mu kuwa: haddace, juye a takarda, manta.

5/ Za a ce aji ya cika maƙil, babu kuɗin mota. Gaskiya ne. Amma Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi duk kuɗin adaidaita ne.

6/ Shawarata: kowane zango ɗalibi ya je ya naɗi hira da marini ko dukawa, ya rubuta, a ba shi maki. Dattawan nan tafiya suke da abin da babu a handawut.

7/ Laraba bayan lakca zan koma. Wa zai raka ni?