Zare a kan zare: kafin ka sayi sandar fatsar Turawa

1/
Jama'a, zaren yau a kan zare ne. Zaren fatsa nake nufi. Ku gyara zama, yana da ɗan tsawo.

Ƙanena yana son ya sayar da tunkiyarsa ya sayi sandar kama kifi da ya gani a YouTube. Na ce masa a'a. Tun hutun da ya wuce muke musu, har ya ce baƙin ciki nake masa. To ga maganar na kawo gabanku.

2/
Mu mutanen yankin Kebbe ne, gidanmu ba nisa da gulbi. Duk wanda ya tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san yadda abin yake: ka haƙo tana, ka sami sanda, ka ɗaura zare da ƙugiya, ka dawo da ƙarfasa biyu da kurungu ɗaya kana tafiya kamar Sarkin Ruwa. Yanzu ina jami'a a Sakkwato, amma da an yi hutu bakin ruwa ne wurin zamana.

3/
Abin da yaron ya gani shi ne wata irin fatsa ta Turawa. Mutum ya shiga rafi ruwa iya gwiwa, ya miƙa doguwar sanda siririya, ya jefa ƙugiya kusa da shi, bai fi taku kaɗan ba. Ba tana a jikinta. An naɗe ta da zare da gashi ta yi kama da tsutsar ƙwarin da ke zaune ƙarƙashin duwatsu, irin 'ya'yan mazari kafin su yi fiffike. A kanta akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai nauyi da ke kai ta ƙasa.

4/
Sirrin duka a nan yake: ba ya barin zaren ya kwanta a kan ruwa. Yana ɗaga sanda, zare a miƙe tun daga bakin sanda har ƙugiya, yana bin ta da hannu daidai da gudun ruwa. Kifi na taɓawa zai ji a hannunsa, ko ya ga zaren ya tsaya cak. Sai ya fizga.

Wallahi abin da kyau. Ni ma na ƙona data ba kaɗan ba a kansa, kar in yi muku ƙarya.

5/
Amma ku ji asalin abin, don shi ne ya fara sa ni dariya.

'Yan ƙasar Folan ne suka shahara da wannan salon. A 1984 'yan Cek suka gan shi wurinsu a wata gasa, suka kai gida suka gyara. A 1986 wani ɗan Cek, Slavoj Svoboda, ya ci gasar duniya da shi a Beljiyam, a 1990 kuma tawagarsu ta zo ta ɗaya. Labarin da masu fannin ke bayarwa shi ne, zaren fatsa na musamman yana da wuyar samu a Folan a lokacin, shi ya sa suka koma ga nailan zalla.

6/
Kun gane? Rashi ne ya haifi dabarar. Mutanen da ba su da kayan tsada ne suka ƙirƙiro ta. Yau an mayar da ita kasuwa, an yi mata sanduna na musamman, ga shi har ta iso ƙauyenmu tana neman cinye tunkiyar yaro.

7/
Na nuna wa Kawuna bidiyon. Ya haura shekara sittin, tun yana yaro yake ruwa. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya kalla har ƙarshe, ya ce:

"Wanga Bature ya san ruwa. Amma mi ad daban? Haka munka tashi muna yi in ruwa ya ja baya."

Na ce, "Kawu, sandar fa? Ka ga yadda take lanƙwasa?"

Ya ce, "Ɗana, kihi ba ya ganin sanda. Zare shika gani."

8/
Matsayata ke nan a taƙaice: wanda zai kashe kuɗi a fatsa, ya kashe a zare da ƙugiya. Sanda ta jira. Sai dai ban yarda da Kawu ɗari bisa ɗari ba, za mu zo wurin. Bari in fara da sandar.

9/
Sandunan nan tsawonsu ƙafa 10 zuwa 11 ne, wato mita 3 da ɗan abu. Bakinsu laushi gare shi ƙwarai, gindinsu da ƙarfi. Tsawon don ka miƙa hannu ka tsallake ruwa mai gudu ba tare da zare ya taɓa shi ba. Laushin bakin don kada siririn zare ya tsinke in kifi ya fizga.

Duk an auna su ne da kifinsu, tirawut, kifin ruwan sanyi mai garai-garai, wanda ba mu da shi a gulbinmu.

10/
Mu wa muke da shi? Tarwaɗa, wadda in ta ji ƙugiya sai ta nufi saiwa ko rami ta maƙale. Kurungu, mai buɗe ƙayoyinsa ya kafe. Tsage, mai haƙora kamar ƙusa. In Allah ya yi da kai, giwan ruwa. Ka ɗauki sandar da aka yi domin kifin da ake tallabowa da hannu ɗaya ka haɗa ta da babbar tarwaɗa a cikin saiwoyi, ka dai san yadda za a ƙare.

11/
Kuma in ta karye fa? Bakin sandar nan bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Ƙofa ta datse shi, ko akuya ta taka, ko a ɗaura ta a bayan kabu-kabu a bi hanyar ƙauye da ita, shi ke nan. Babu mai gyara a kasuwar Tambuwal, ban kuma san inda za ka sami gaɓar canji a Sakkwato ba sai ka sake yin oda. Sandar gora ta karye ka sari wata.

Ƙari: sandar irin wannan tana ɗaukar wutar lantarki. Ka ɗaga mita 3 sama a fili hadari na tasowa, ko kusa da waya, ka san abin da kake yi.

12/
Yadda Kawu ke zaɓen sanda: gora busasshiya, ba ɗanya ba, wadda ta fi tsawonsa ya ɗaga hannu. Ya riƙe gindin ya kaɗa. In duk jikinta ya yi rawa, ya ajiye. In bakin kaɗai ya yi rawa ya tsaya da wuri, ita ce. In akwai karkata ya gasa wurin a wuta kaɗan-kaɗan ya miƙar. Ba ya son gwangwala, ya ce cikinta taushi, ba ta gargaɗi kafin ta karye.

Abin da Turawa ke rubuta dogon bayani a kai ke nan: baki mai laushi, gindi mai ƙarfi, ba nauyi a hannu.

13/
To yanzu inda na saɓa da Kawu, Allah ya ja kwanansa.

Mu zare ɗaya muke ɗaurawa tun daga sanda har ƙugiya, kuma mai kauri muke so, wai kada kifi ya tsinka. Nan Bature ya fi mu, in faɗi gaskiya. Shi zarensa hawa-hawa ne: mai kauri a sama, sai ɗan guntu mai launi, sai siriri a ƙasa wanda shi kaɗai ke shiga ruwa.

14/
Dalilin kuwa ba ado ba ne. Ruwan sama ya fi na ƙasa gudu. A gindin gulbi, inda kifi ke kwance, duwatsu da yashi na rage masa ƙarfi. Zare mai kauri ruwan sama ke turawa, ya yi ciki kamar baka, ya ɗago abincin daga ƙasa, ya ja shi da gudun da babu tsutsar da ke yin irinsa. Kifi ya ga abin banza ya ƙyale. In ma ya ci, kafin labarin ya bi lanƙwasar nan ya iso hannunka ya riga ya tofar.

Siriri yanka ruwa yake, ya tsaya a miƙe.

15/
Na gwada a hutun hunturu, lokacin da ruwa ya ja baya ya fara washewa. Ga yadda na ɗaura, wanda zai gwada ya gwada:

Daga bakin sanda, nailan mai kauri, kamar 0.40. Sai guntu mai launi wajen kamu ɗaya ko biyu. Ban sami na Turawa ba, jan zare na ƙulla a wurin, ya yi aiki. Daga nan zuwa ƙasa 0.25, tsawonsa ya ɗan fi zurfin ruwan.

16/
Dalma a can ƙarshe, ƙugiya kuma a ɗan reshe gajere, kamu ɗaya sama da ita. Dalmar na ɗaura ta da zaren da ya fi duka rauni, da gangan. In ta maƙale a dutse, ka ja, ita kaɗai za ta tafi, ƙugiyarka da sauran zarenka su dawo.

Wannan ne ya fi burge ni: kai ke zaɓar inda zarenka zai tsinke. A tsarinmu na zare ɗaya, duk inda ya ga dama yake tsinkewa, sau da yawa ma bakin sandar ke tafiya.

17/
Turawa sun fi son wani ƙarfe da ake kira tangistin, don ya fi dalma nauyi nesa: in girmansu ɗaya, ya kusa ninka ta. Mu dalmar birgi ta ishe mu. Kawai kar ka danne ta da haƙori yadda muka saba muna yara. Guba ce, mun dai tsira.

Kuma ka jiƙa ƙulli da miyau kafin ka ja shi. Nailan busasshe yana ƙona kansa, ya tsinke daidai wurin.

18/
Sakamako? Ba zan ce na cika buhu ba. Abin da zan ce, a wuri ɗaya, da tana ɗaya, ni da Kawu, na riƙa jin taɓi da shi bai ji ba. Ƙarfasa da kawara masu ɗan tsotsa su saki, duk ina jinsu. Ya yi shiru can, sai ya ce, "Miƙo wanga zare naka in gani."

Bai ce na yi gaskiya ba. Tsofaffinmu ba sa faɗi. Amma bai mayar min da zaren ba har yau.

19/
Shi ma ya rama. Da yamma wani abu ya ɗauki ƙugiyata, ban ko ga mene ne ba, zaren ya dawo a yanke kamar da reza. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tsage na! Kai ka ce siriri." Inda akwai tsage sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya, babu nailan da ke jure haƙoransa. In kuma tarwaɗa kake nema da dare a ruwa mai laka, ita da gemunta da ƙanshi take neman abinci, kaurin zare bai dame ta ba. Can tsarin Kawu ya fi.

20/
Wani abin da bidiyoyin ba za su gaya wa ƙanena ba: salon nan na ruwa mai gudu ne. Shi kuma burinsa ya je tafkin Romo ya ɗauki hoto da sandar. Tafki ruwa ne kwance. Babu gudun da zai ɗauki ƙugiyarka, babu abin bi da hannu. Can ɗan guntun kara mai yawo a saman ruwa, irin wanda muke sawa tun muna firamare, ya fi sandar amfani. Da damina ma, gulbi ya yi ja, kifi ba ya ganin ƙwaron gashi, tana da gara ke aiki.

21/
Na san masu cewa "ku bar yaro ya ji daɗinsa, kuɗinsa ne" suna nan tafe. Da ɗan mai hali ne, wallahi ba zan yi magana ba, sha'awa ba laifi ba ce. Amma tunkiyar nan Inna ta ba shi tana 'yar ƙarama don kuɗin jarrabawarsa, kuma tana da ciki. Kuma mai sayarwar a intanet yake, ba shago, ba wanda ya san fuskarsa, kuɗi gaba kaya baya. Ni an taɓa yi min haka a kan takalmi. Abin da ya iso ƙafa biyu ne, amma ba girmansu ɗaya ba.

22/
Akwai kuma masu cewa fatsa wasan yara ce, namiji sai taru ko birgi. Haka aka raine mu. Ko a Argungu, bikin da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, homa da gora ake shiga Matan Fada da su, ba sanda ba.

Amma ku duba abin da ake kawowa kasuwa yanzu. 'Yan mitsi-mitsi, waɗanda ba su ko yi ƙwai ba, wasu da gidan sauro aka kwaso su. Mai fatsa girman ƙugiyarsa ke zaɓar masa kifi, ƙarami ya zo ya cire ya mayar. Raga mai ƙananan idanu ba ta tambaya.

23/
Shi ya sa nake son yaranmu su iya fatsa da kyau, ba su raina ta ba, ba kuma su ɗauka sai da sandar waje ake iyawa ba. Ƙarama ce ta roƙo: guntayen nailan da kuke yankewa, ku sa a aljihu. Yana daɗewa bai ruɓe ba. Na taɓa kwance wa balbela shi a ƙafa, ƙafar ta riga ta lalace.

24/
Inda muka tsaya da ƙanena: na ce ya ba ni asabar biyu. Zan sayo nailan kala uku da ƙugiyoyi ƙanana a Sakkwato, duka ba su kai kuɗin cin abincina na kwana biyu a makaranta ba. Kawu ya yi alkawarin gora. In ya kwana biyu yana bin zare a miƙe ya iya jin taɓin kawara, mu sake maganar sanda bayan tunkiya ta haihu.

Ya ce zai yi tunani. Jiya dai na ga ya turo wa mai sayarwar saƙo yana tambayar ko akwai ragi.

25/
Mutanen Yauri da Argungu, ku da kuka fi mu ruwa: wace waya kuke sa wa tsage? Ta cikin kebul ɗin birkin keke na gwada, tana lanƙwashewa bayan kifi ɗaya.