Mai Sauti Ma Ɗan Wasa Ne: Matsalar Sakin Sauti a Dandamalin Wasan Kwaikwayon Hausa

A wasan kwaikwayo na dandamali akwai sautukan da ba daga bakin ɗan wasa suke fitowa ba, amma labari ba ya tafiya sai da su: harbin bindiga, tsawa, ƙarar waya, carar zakara, tsayawar mota a ƙofar gida, kukan jariri a ɗaka. Ana iya kiran su sautin rakiya, tun da yake rakiyar aiki suke yi. Darajar kowane ɗaya daga cikinsu tana rataye ne da lokacin da aka sake shi. Idan harbi ya tashi kafin ɗan wasa ya ɗaga bindiga, an riga malam masallaci. Idan kuwa sai da wanda aka harba ya kai ƙasa sannan aka ji ƙara, an yi ihu bayan hari. A kowane hali dariya 'yan kallo suke yi, kuma dariyar takan faɗo ne a daidai gurbin da marubuci ya tanada domin tausayi ko firgici. Duk wanda ya saba halartar wasannin ɗalibai a makarantu da jami'o'i ya san wannan dariya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tushen matsalar yana ga yadda ake shirya mutumin da yake sakin sautin, kuma maganinta yana cikin al'adar makaɗan Hausa tun kafin zuwan lasifika.

A gidajen wasa na Turai da Amurka an daɗe da yi wa wannan aiki tsari. Mai kula da dandamali yakan riƙe kwafin wasan, wanda a gefensa aka yi wa kowane sauti lamba a daidai kalmar da za a sake shi. Yakan ba da umarni sau biyu: na farko mai sauti ya shirya, na biyu ya saki. A yau akwai manhajojin kwamfuta da aka ƙera musamman domin wannan, kamar QLab ta kamfanin Figure 53 da ke Baltimo a Amurka, wadda take aiki a kwamfutocin Apple kaɗai, da Show Cue System da MultiPlay masu aiki a Windows. Dukkansu suna jera sautuka bi da bi, ta yadda maɓalli guda ake dannawa, wanda yake kan layi ya fita, na bayansa ya matso. Tsari ne mai kyau ƙwarai, sai dai an gina shi a kan sharaɗi ɗaya, wato ɗan wasa zai furta kalmomin da aka rubuta masa, yau da gobe da jibi, ba ragi ba ƙari.

Wannan sharaɗi shi ne wasan Hausa bai cika kiyayewa ba, kuma ba aibi ba ne gare shi. A littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Jamhuriyar Nijar, Janet Beik ta nuna cewa 'yan teyatur sukan daidaita ne a kan labari da jerin fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya samar da kalmominsa a lokacin gwaji da kuma a gaban jama'a. A wannan fage ne irin su Yazi Dogo suka yi suna. Haka abin yake ga ƙungiyoyin wasa da dama a Arewacin Nijeriya, har ma waɗanda suke da rubutaccen wasa a hannu: da zarar ɗan wasa ya ga magana ta karɓu, sai ya ja ta, ya ƙara karin magana, ya mayar wa ɗan kallo martani. Saboda haka, mai sautin da aka ce ya jira wata kalma yana iya jira har fitowa ta ƙare kalmar ba ta zo ba, ko kuma ta zo sau biyu. Dasa tsarin Turai a nan ba tare da gyara ba, tamkar ba makaho madubi ne.

Amma Bahaushe ya san wani mutum da yake sakin sauti a kan kari ba tare da takarda ba, shi ne makaɗi. A filin dambe, mai kalangu yakan ɗauki taken ɗan dambe da zarar ya yunƙura zai shiga fili, ya kuma sauya kiɗa a lokacin da aka yi kisa. A wasan bori kowane iska da kiɗansa, kuma mai garaya ko mai goge yana karanta jikin wanda ake yi wa kiɗan ne, ya san lokacin da zai tsananta da lokacin da zai sassauta. A fada, masu kakaki da algaita ba sa jiran wani ya gaya musu sarki ya fito. Littafin Ziky Kofoworola da Yusef Lateef na 1987 a kan wasanni da kiɗan Hausa ya tattara misalai na yadda kiɗa da aiki suke tafiya tare. Abubuwa uku ne suka haɗa waɗannan makaɗa: suna zaune inda suke ganin komai, sun san wasan ciki da waje, kuma kowa ya ɗauke su a matsayin abokan wasa. Mai sautin dandamali kuwa galibi ya rasa duka ukun. Ɗalibi ne da bai samu rawar takawa ba, aka miƙa masa waya ana gobe wasa, aka zaunar da shi a bayan labule.

Lissafi ma yana goyon bayan makaɗi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, ke nan wanda yake zaune mita 34 daga dandamali yana jin magana ne bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Tsakanin ganin abu da motsa yatsa kuma ɗan Adam yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. Idan aka haɗa lasifika da waya ta hanyar Bluetooth, jinkirin yakan ƙaru da wajen kashi ɗaya ko biyu cikin goma, baya ga cewa wasu lasifikokin sukan yi barci idan sun jima shiru, su haɗiye farkon sautin kafin su farka. A tara waɗannan, sai a ga an doshi rabin daƙiƙa, wanda ya isa ya raba mari da ƙararsa. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya jira aiki ya auku kafin ya danna ya riga ya makara. Dole ya hango shi yana tafe, kamar yadda mai kalangu yake karanta kafaɗa kafin hannu ya sauka, kuma wannan hange ba ya samuwa sai da yawan gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan ana iya fitar da ƙa'idojin da suka dace da wasan Hausa. Na farko, a ɗaura kowane sauti a kan aikin da ido yake gani: ɗaga tabarma, ajiye buta, dafa ƙofa, juya baya. Ɗan wasa yana da 'yancin jan magana yadda ya so, amma ya san cewa ranar duniya ba zai ajiye butar nan ba sai ya shirya wa sautin. Inda babu makawa sai an dogara da magana, a tsayar da jimla guda da ba a taɓa ta, a bar sauran ga hikimarsa. Na biyu, a rubuta jadawalin sauti ko da wasan kansa ba a rubuce yake ba, a nuna lambar kowane sauti, da isharar shiri, da isharar saki, da ƙarfinsa, da yadda zai ƙare, domin wayar da ta ci gaba da ƙara bayan an ɗaga ta daidai take da wadda ba ta yi ƙara ba. Na uku, mai sauti ya zauna inda yake ganin dandamali duka, ya kuma halarci gwaji tun daga tsakiyarsa.

Ta fuskar kayan aiki, abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A haɗa na'ura da lasifika da igiyar waya. A datse shirun da ke farkon kowane fayil, a kuma fifita nau'in WAV a kan MP3, saboda MP3 yakan ƙara ɗan guntun shiru a gaba. Idan wayar salula ce kaɗai ake da ita, a rufe layinta da sanarwowinta, a sauke sautukan a cikinta, kada a dogara da intanet. A ajiye ƙaramar lasifika kusa da inda ake son a ji sautin ya fito, domin kukan jaririn da ya taso daga saman rufi ba ya gamsar da kowa.

Saura batun wutar lantarki, wanda duk mai shirya wasa a Nijeriya ya san shi. Kwamfuta tana da batir, amma na'urar ƙara sauti takan mutu da ɗaukewar wuta, janareto kuma yana zuwa da nasa rurin. Don haka duk sautin da labari ya dogara da shi ya kamata ya kasance da mataimaki na hannu. Katako biyu da aka haɗa da ƙarfi suna ba da harbi, fallen kwano da aka girgiza yana ba da tsawa, ƙoƙuna biyu a kan ƙasa suna ba da kofaton doki. Wannan ba koma baya ba ne, domin da irin waɗannan dabaru gidajen wasa na Ingila suka yi ƙarnoni suna aiki. Har yau ana tuna marubuci John Dennis da dabarar tsawar da ya ƙirƙiro wa wani wasansa a Landan a 1709, wadda ta fi wasan kansa daɗewa. A wuri irin dandalin wasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970 a zamanin Michael Etherton, ɗakunan ƙasa ne kewaye da fili marar rufi, kamar gidan Bahaushe. A irin wannan fili, sautin hannu yakan zauna daram, kuma mai yin sa yana numfashi tare da 'yan wasa.

Akwai masu ganin cewa wasan Hausa na magana ne, don haka sautin rakiya ƙawa ce da za a iya yar da ita. Gaskiya ne cewa wasa marar sauti ya fi wasa mai gurguwar rakiya, kuma darakta mai hankali zai rage yawan sautuka zuwa abin da zai iya riƙewa. Sai dai tarihi bai goyi bayan a ce sauti baƙo ba ne. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, da na Yusuf Ladan, Zaman Duniya Iyawa Ne, ta rediyo jama'a suka fara sanin su, inda buɗe ƙofa da takun ƙafa su ne bango da labule. Kunnen mai sauraron Hausa ya daɗe da horuwa a kan wannan. Wasu kuma suna ganin da an sayi kayan zamani an huta. Kayan suna da amfani, amma manhaja tana tabbatar da cewa sautin da ya dace ne zai fita. Lokacin fitarsa yana hannun mutum.

A nan ne nauyi ya dawo kan masana da manazarta. Nazarin wasan kwaikwayo a sassan Hausa ya fi karkata ga jigo da salo da zubi da tsari da taurari, wato abin da takarda ta iya riƙewa. A fagen waƙar baka kuwa, tsarin nazari irin na Sa'idu Muhammad Gusau ya ba kiɗa da rauji da yanayin aiwatarwa gurbinsu, har ya zama ba a cewa an nazarci waƙa idan an tsallake su. Wasan dandamali ya cancanci irin wannan adalci. Raina aikin sauti ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin sa ba: kyautar Tony ta Amurka ba ta ware wa tsara sauti gurbi ba sai a 2008, aka soke shi a 2014, sannan aka maido da shi a 2018 bayan ƙorafin masu sana'ar. Abin da ya kamata sassan Hausa su yi a bayyane yake: a samar da daidaitattun kalmomin wannan fanni, a koya wa masu rubuta wasa su bayyana sauti da isharar sakinsa a cikin umarnin fitowa, a nemi tsofaffin ma'aikatan rediyo a rubuta dabarunsu tun suna raye, a kuma ba ɗalibin da ya riƙe sauti maki daidai da wanda ya fito a matsayin tauraro. Sashen da ya fara sanya jadawalin sauti cikin abin da ake duba wa ɗalibai a wasan ƙarshen zango zai ga bambanci tun a shekarar farko.