NAZARI: Makullin mota ya zama shaidar mallaka, amma wa ke tantance wanda ake yi wa sabo?

A watan Satumban 2024, Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga ƙasar aka shigo da su Najeriya. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Kwastam ita ma ta miƙa wasu 21. Hankalin jama'a ya tafi ne ga tsadar motocin da yadda suka tsallake tashoshin jiragen ruwa. Ba a cika tambayar yadda aka tayar da su tun farko ba, alhali makullansu na rataye a gidajen masu su.

'Yan sandan Kanada sun sha bayyana cewa ɓarayin yanzu ba su dogara da fasa gilashi ko haɗa waya ba. Sukan jona wata ƙaramar na'ura a jikin motar, su sa ta karɓi sabon makulli cikin 'yan mintuna. Irin wannan na'ura ce kuma ma'aikacin gwamnati yake addu'ar a zo da ita ranar da ya fito daga Sakatariyar Tarayya da yamma, ya laluba aljihu bai ji komai ba, ga Kubwa ko Mararraba na jiransa.

Makullin da aka sani a da ƙarfe ne zalla, duk wanda ya iya goge haƙoransa daidai ya gama aiki. Na yanzu yana ɗauke da ɗan ƙaramin guntu na lantarki a cikin robar kansa. Idan aka soka shi, wani zobe da ke kewaye da ramin makullin yakan ba guntun wuta, shi kuma ya amsa da lambar sirri. In lambar ta dace da wadda ke ajiye a ƙwaƙwalwar motar, inji ya tashi. In ba ta dace ba, ko da makullin ya juya, injin ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take. Turai ta wajabta wannan tsari ga sabbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007.

Saboda haka aiki uku ne ke cikin abin da ake kira yanka makulli: goge ƙarfen, gabatar da guntun ga ƙwaƙwalwar mota, da haɗa rimot ɗin da ke buɗe ƙofa. Biyun ƙarshe galibi ana yin su ne ta wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta a 1996 domin a riƙa duba lafiyar inji da hayaƙin da yake fitarwa. Ƙofar da aka buɗe wa bakanike ita ce ɓarawo ya gano.

Matsalar ma'aikacin Abuja tana da nata launi. Tun da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alfarmar ma'aikata kuɗi a 2003, aka janye motocin ofis daga hannun mafi yawansu, kowa ya koma neman tasa. Wadda aljihu ke iya kaiwa gare ta ita ce tokumbo, galibi daga wuraren gwanjon Amurka da Kanada, kuma sau da yawa da makulli ɗaya take isowa. Mai saye yakan tsaya ciniki a kan taya da fenti da sanyin esi, ya karɓi makullin guda ya tafi yana murna.

Bambancin da ke tsakanin mai makulli ɗaya da wanda ba shi da ko ɗaya babba ne. Muddin akwai na asali a hannu, ƙara wani aiki ne mai sauƙi, domin motar ta amince da wanda ke gabanta. Idan duka suka ɓace, sai an nemo lambar sirri, ko a ciro ƙwaƙwalwar a sake rubuta ta, ko a canza ta gaba ɗaya. A tsofaffin motocin Toyota ma akwai wani tarko: baƙin makulli shi ne uba, mai ruwan toka kuwa na yaron da ake ba ajiyar mota ne. Yana tayar da inji, amma ba ya ba da izinin ƙara wani cikin sauƙi. Mutane da yawa shi suke riƙe da shi shekara da shekaru ba su sani ba. Sabbin motocin Mercedes kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 2010, kusan sai ta hannun kamfanin ake samun makullinsu.

Akwai kuma batun zango. Rimot ɗin motocin da aka ƙera domin Amurka galibi yana magana ne a kan 315 MHz, na Turai a kan 433. Su biyun na iya zama kamar tagwaye a ido, a saya a Zuba ko Ladipo, a kawo Apo a yi ta fama, motar ta ƙi ji. Wanda aka ciro daga wata motar ma, musamman irin na danna maɓalli, yakan zo a ɗaure da motarsa ta farko, sai an warware shi. Duk waɗannan kaya, da na'urar haɗa su, da kuɗin sabunta manhajarta, da dala ake biya. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa makullin Lexus ko Highlander na zamani, idan duka suka ɓace, yake iya lashe fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Wanda aka yi wa makulli da araha ma kada ya yi saurin godiya. Amurka ba ta taɓa wajabta wancan guntun tsaro ba, kuma miliyoyin motocin Kia da Hyundai masu makullin juyawa, da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021, ba su da shi. Da matasa suka yaɗa hanyar sace su a TikTok, sata ta yi ƙamari har kamfanonin biyu suka amince a 2023 su biya diyyar kusan dala miliyan 200. Elantra da Sonata da Optima na waɗannan shekaru suna cikin motocin da ke cika titunan Abuja a yau.

Sai dai abin da ya fi kuɗi muhimmanci, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne abin da motar ta haddace. Ƙara sabon makulli ba lallai ne ya soke tsohon ba. Wanda ya faɗi a wurin biki, ko ya rage a hannun dillali, ko tsohon direba ya tafi da shi, yana nan da cikakken iko har ranar da aka goge shi daga ƙwaƙwalwar. Na'urar da ke ƙara makulli tana iya nuna adadin waɗanda motar ta sani, tana kuma iya goge waɗanda ba sa wurin. Aiki ne na 'yan mintuna, amma sai mai mota ya nema, kuma kaɗan ne suka san ana nema.

Wannan ya shafi ma'aikatu fiye da kowa. Motar ofis takan ratsa hannun direbobi da hadimai da dama, ta kwana a garejin ɗan kwangila, a sauya minista ko babban sakatare, a miƙa ta ga na gaba. Takardar miƙa aiki takan ambaci lambar mota da lambar shasi, wani lokaci har da jak da safaya taya. Ya kamata ta ambaci makullai nawa aka miƙa, da nawa motar ta ce ta sani. Idan alƙaluman biyu suka saɓa, jami'in sufuri yana da tambayar da zai amsa.

Ƙasashen da matsalar ta dama sun bi hanyoyi daban-daban. Kanada ta kira taron ƙasa a kan satar motoci a Fabrairun 2024, ta kuma yi maganar haramta wata na'ura mai suna Flipper Zero, matakin da masana tsaron intanet suka soka da cewa an bar jaki ana dukan taiki. A Amurka, mai sana'ar makulli da ke son karɓar lambar sirri daga kamfanonin motoci sai ya yi rajista da ƙungiyar NASTF, a binciki tarihinsa, sannan a kowane aiki ya duba shaidar mallaka da katin shaidar mai motar ya ajiye bayani. Wannan na biyun ya fi dacewa da Najeriya, domin haramta na'urar zai jefa dubban masu sana'a na gaskiya cikin wahala, ɓarawo kuwa ba ya neman izini kafin ya shigo da tasa.

Kayan aikin ma akwai su. Kwastam na amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta haraji tun 2022, 'yan sanda kuma suna da rumbun rajistar motoci na intanet. Abin da babu shi ne igiyar da za ta haɗa waɗannan bayanai da rumfar mai makulli. A halin yanzu, ko za a nemi takardun mota kafin a yi mata sabon makulli, ya dogara ne ga tsoron Allah na mai sana'ar, ko dokar ƙungiyarsu ta cikin gida. Wasu kan dage sai sun ga takarda, wasu kuwa kiran waya da adireshi sun ishe su. Hukumar Birnin Tarayya, wadda ta daɗe tana tattaunawa da 'yan kasuwar Apo a kan batun matsuguni, tana da damar sanya sharaɗi mai sauƙi a cikin yarjejeniyar: rajistar masu wannan sana'a, da littafin da za a rubuta lambar shasi da lambar NIN ta duk wanda ya zo ya ce makullansa duka sun ɓace.