Fitilar Masu Haƙar Kwal

Yau zancenmu na fitila ne, amma ba aci-balbal ba, ba kuwa fitilar ƙwai ba.

A ramukan da ake haƙar kwal, watau gawayin ƙasa, akwai wata iska mai fitowa daga jikin dutse, ba launi, ba wari. In ta taru ta gamu da harshen wuta, sai ta tashi kamar albarushi. A 1812 ta hallaka mutum 92 a ramin Felling, can Ingila. Shi ne a 1815 wani masani, Humphry Davy, ya kewaye lagwani da ragar waya mai ƙananan idanu. Ragar nan tana shanye zafi, saboda haka ko iskar ta shiga ta kama a ciki, wutar ba ta ƙetarewa waje. Daga baya aka ƙara mata gilashi, aka sa mata makulli, don kada wani gwani ya buɗe ta a ƙasa ya kunna taba. Bayan haske kuma tana ba da labari: in harshenta ya miƙe, shuɗi ya hau kansa, mugunyar iska ta iso, in ya dushe, numfashi ya kusa gagara. Masu haƙa rijiya ba su bukatar a fassara musu wannan.

Da lantarki ya karɓe aikin, sai Turawa suka shiga sayen tsofaffin suna jerawa a ɗaki. Mai saye yakan duba sunan maƙeri da shekarunta, gama jabu ta yi yawa. Ni kuwa lambar da ke jikinta ta fi damuna. Kowane ma'aikaci da tasa. In an tashi aiki aka ga gurbin wata fitila wayam, to, an san akwai wanda bai fito ba.

Kada a ce wannan zancen Turai ne. An gano kwal a Udi a 1909, a 1916 jirgi ya fara jigilarsa daga Inugu, da shi kuma aka riƙa hura jiragen da suka kwashe gyadar da manomanmu suka kai Kano. A ramin Iva na Inugu ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 ran 18 ga Nuwamba, 1949.

Mu Daurawa ba a koya mana ajiya: ga rijiyar Kusugu, ga takobin Bayajidda a fada. Saboda haka wanda kakansa ya yi aiki a Inugu ko a Reluwe ya bar fitila, ina roƙonsa kada ya ba 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Kada kuma a goge ta da toka har lambar ta ɓace. A rubuta sunan mai ita da shekarun da ya yi aiki a 'yar takarda, a ɗaura a marikinta.